Azzaro pour Homme a zafin Garwa: ra'ayin wani tela

Duk wanda zai sayi turare a Garwa, birnin da ke arewacin Kamaru, kafin ya tambayi kuɗinsa ya kamata ya tambayi kansa yadda ƙamshin zai koma da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ya haura digiri 40, iska ta tsaya cik, gumi ya jiƙa wuyan riga. A nan ne yawancin turarukan da samari ke yayi yanzu suke faɗuwa. A cikin kanti mai sanyi za ka ji zaƙinsu har ka haɗiye yawu. Ka fita rana da su, su gauraya da zufa, sai su koma wani abu mai hawa kai, wanda ke zaune kusa da kai a mota ya fara neman taga. Azzaro pour Homme ba ya yin haka, kuma wannan ne babban dalilin da ya sa na tsaya a kansa shekara da shekaru.

Ni tela ne, ɗinkin maza nake yi, kuma sana'ar ta sa na san turaren mutane fiye da yadda suke zato. Wanda ya kawo babbar riga a rage masa hannu ko a gyara aljihu, da ƙamshinsa take zuwa. Da na ɗora dutsen guga tururi ya taso, duk abin da mai rigar ya fesa kwanakin baya sai ya tona kansa. Wani turaren ya bar tsami, wani ya bar warin roba, wani babu ko alamarsa. Azzaro kuwa a kan shadda yana barin ƙamshin tsabta, na mutumin da ya yi wanka da sabulu mai kyau ya fito daga wurin wanzami. A jikin rigunan dattawa na fara saninsa, tsofaffin ma'aikatan kamfanin auduga da alhazan da ke safarar Duwala, tun ina yaron shago ina ɗinka maɓalli.

Ba sabon abu ba ne. A shekarar 1978 ya fito a Faransa, da sunan Loris Azzaro, mai tsara tufafi wanda aka haifa a Tunis a 1933, iyayensa 'yan Italiya, ya yi suna a Paris da ɗinkin mata na alfarma, ya rasu a 2003. Abin ya kan ba ni dariya idan na tuna ashe ɗan'uwana ne a almakashi. Turaren yana cikin dangin da ya samo asali daga Fougère Royale na gidan Houbigant, wanda ya fito tun 1882, dangin da aka gina a kan furen lafanda da gansakukar itace. Paco Rabanne pour Homme na 1973 da Drakkar Noir na 1982 duk 'yan ɗaki ɗaya ne da shi. Na yi amfani da duka ukun, kowanne da ranarsa, amma Azzaro ya fi kwanta mini a jiki.

Ga yadda yake tafiya. Feshin farko yana da kaifi, kada ka yanke masa hukunci a nan. Lemun tsami ne da lafanda da wani ɗanyen ganye mai kama da daddoya, sai kuma anis, wani ɗan iri na kayan ƙamshi, wanda shi ne tambarinsa. Duk wanda ya san Azzaro da wannan ɗan sanyin mai ratsa hanci yake gane shi daga nesa. Bayan kamar rubu'in awa kaifin yana kwanciya, ƙamshin itace ya taso: sandal, faculi, da saiwar jema. Wannan jemar ce nake jin ta sa ya yi mana daidai. Ba baƙuwa ba ce a hancinmu, iyayenmu mata suna jefa saiwarta a randa don ruwa ya yi ƙamshi, kuma ƙamshi ne busasshe, mai ƙasa-ƙasa, wanda zafi ba ya ruɓar da shi. Can da la'asar abin da ke saura shi ne almiski da ambar da ɗan ƙamshin fata, a hankali, sai wanda ya matso ku gaisa ne zai ji.

A fata, lokacin bazara, yana raka ni daga safe zuwa bayan azahar. A tufafi ya fi haka nesa ba kusa ba. Hula kuwa, in ka fesa mata a ciki, har ka gaji da ita ka kai wanki tana ɗauke da shi. Da hunturu ya kan canza hali: iskar Disamba da Janairu tana busar da fata, turare ba ya samun abin kamawa, sai ya gudu da wuri. Maganin abin shi ne ka shafa mai marar ƙamshi kafin ka fesa, man kaɗe ma ya isa idan an tace shi da kyau. Amma ni a damina na fi jin daɗinsa, ranar da aka yi ruwa da dare, gari ya waye da laima daga kogin Binuwai. A irin wannan safiya lafandar tana buɗewa sosai.

Wani abu da tela ne kawai zai dame shi: tabo. Turaren mai, irin su Bintu Sudan da ɗan Duwala, ba a haɗa su da farar shadda kai tsaye, don da wuya mai wanki ya fitar da zoben da suke bari a ƙirji. Na sha ganin gezna mai tsada ta lalace a haka ranar ɗaurin aure. Azzaro na feshi ne, yana bushewa nan take, sai dai ruwansa ba fari ba ne, yana da launin shayi marar kauri. Don haka a farin yadi kada ka manna bakin kwalba; ka ja ta baya kamar taƙi ɗaya, ko ka fesa a 'yar ciki kafin ka ɗora babbar riga. Feshi biyu ko uku sun wadatar. Wanda ya yi shida ya shiga sahu, ya ɗauki alhakin na dama da na hagu.

Tunda an zo maganar sahu, a sani cewa yana da alkol a ciki, kamar kusan duk turaren feshi na Turai. Malamai sun yi saɓani a kan salla da irinsa, wasu sun sawwaƙe, wasu suna ganin a bari ya fi, kowa ya bi wanda ya natsu da shi. Akwai abokan cinikina da ke ajiye Azzaro don ofis da kasuwa, ranar Juma'a su koma ga almiski ko Bintu Sudan, wadda ita ma ai ba yarinya ba ce, tun 1920 kamfanin W.J. Bush na Landan ya fito da ita, kuma babu alkol a cikinta.

Ba kowa zai so shi ba, gaskiya. Yaron shagona ya ji shi a jikina wata rana ya ce, "Maigida, wannan ai turaren su Baba ne." Na ce masa, "To su Baban wari ka taɓa ji suna yi?" Ya yi dariya ya koma kan kekensa. Amma yana da hujja. Saurayin da ke son ya wuce a kan babur 'yan mata su waiwaya, ba nan zai samu biyan buƙata ba. Babu zaƙi a cikinsa, babu hayaƙin ud irin na Larabawa da ya cika kasuwa yanzu. Kuma idan uwargida ta turara maka kaya da turaren wuta, ko humrarta ta 'yan Chadi ta kama rigarka, kada ka ɗora Azzaro a kai. Ba sa jituwa ko kaɗan, kowanne yana son shi za a ji, sai a tashi babu na ɗauka. Rigar da za ta sha Azzaro a bar ta da wanki da guga kawai.

Matsalar da ta fi kowacce girma ba ta turaren ba ce, ta kasuwa ce. Jabu ya yi yawa. Za ka ga kwali iri ɗaya, kwalba mai kusurwoyi iri ɗaya, baƙin murfi iri ɗaya, an jera a faranti cikin rana, ana kiran kuɗin da ko na kwalin asali bai kai ba. Araha ba ta ado. Ka juya gindin kwalba ka duba lambar da aka buga, dole ta zo ɗaya da ta ƙasan kwali. Ka duba rubutun, na jabu ya kan yi kauri ko ya karkace. Ka danna feshin: na asali yana fita laushi kamar hazo, na jabu yana tsartuwa. Sannan ka fesa a bayan hannu ka tafi ka gama cefanenka kafin ka biya. Jabu yana iya kwaikwayon mintunan farko, amma ba ya kaiwa ga jema da sandal. Kafin ka zagayo ya watse, ya bar maka ƙaurin alkol. Mai kantin da ya hana ka gwadawa, ka yi masa sallama.

Ko na asalin ne, in ya daɗe a rana ya tashi aiki. Zafi da haske suna dafa turare, launinsa ya yi duhu, lemun da ke samansa ya yi tsami. Kada ka bar shi a mota, kada ka jera shi a taga don ado. Nawa a cikin kwalinsa yake zama, a ƙasan akwatin tufafi.

Yana zuwa a kwalba mai mililita 50, da 100, da 200. Wanda bai taɓa gwadawa ba, ya fara da ƙaramar. Ni ta 100 nake saye, don babbar, duk da ta fi sauƙi idan aka yi lissafi, tana daɗewa a hannun mutum ɗaya har ta ga bazara biyu, kuma a ɗakin kwano irin nawa wannan ya yi mata yawa. Sai fa idan ku biyu ne a gida, kai da ƙaninka mai shiga ɗaki ba sallama.