Alƙalamin tawada mai rufaffen baki: wanne za ka saya idan kuɗinka ba yawa?

Ni dai abin da ya kai ni ga irin wannan alƙalamin ba gayu ba ne, gajiya na yi da bushewar bakin alƙalami. Ka cire murfi kana rubutu, a yi maka magana ka ɗago kai minti biyu, ka dawo sai alƙalami ya ƙi, sai ka yi ta goga shi a gefen takarda kamar mai kunna ashana. Mai rufaffen baki shi robar jikinsa ce ta sauko ta lulluɓe ƙarfen, ɗan tsinin kawai ke leƙowa, iska ba ta samun tawadar sosai balle ta busar da ita, kuma ko ka saba riƙe alƙalami can ƙasa kamar biro yatsunka ba za su yi shuɗi ba.

Kakansu duka shi ne Parker 51, wanda ya fito kasuwa a 1941 a Amurka, kuma dalilin lulluɓin ma tun asali tawadar da aka yi masa ce mai saurin bushewa. Masu arha na China da za mu yi magana a kai kusan dukkansu kamanninsa suka ɗauko, shi ya sa a hoto za ka ga kamar uwa ɗaya uba ɗaya. Kar hoton ya ruɗe ka. Bambancin yana ciki, wajen yadda ake ɗura tawada da yadda murfin ke kamawa.

Hero 616 shi ne mafi arha, na kamfanin Hero da ke Shanghai, ya daɗe a duniya, sau da yawa ma a fakiti ake sayar da shi. Cikinsa 'yar jakar roba ce da ƙarfe a gefe, ka tsoma baki a kwalba ka yi ta matsawa kana saki, to matsalar ita ce da wuya jakar ta cika, za ka matsa ka matsa ka ɗaga ka ga rabi ko ƙasa da haka. Sannan sa'a ce, wani ya zo da laushi kamar me, wani ya zo yana karce takarda, ga jabunsa sun yi yawa. In kai mai son taɓe-taɓe ne da gyare-gyare za ka ji daɗinsa, amma wanda yake so ya saya yau gobe ya shiga aji ko ofis da shi, ban ba shi shawara ba.

Jinhao 51A shi nake fara nuna wa sabon shiga. Yana zuwa da ɗan famfon tawada mai murɗawa wanda ake cirewa, in ka ga dama kuma ka sa katirij, wato ɗan bututun roba mai zuwa cike da tawada, wanki ba wuya, ka zare ka zuba ruwa ya bi ta ciki shi ke nan. Amma fa a kula, iri biyu ne a ƙarƙashin suna ɗaya, akwai mai rufaffen baki akwai mai buɗaɗɗe, mutane da yawa sai kaya ya iso suke ganewa, don haka ka duba hoton bakin da kyau kafin ka biya. Ɗan'uwansa Jinhao 85 murfinsa na murɗawa ne, ya fi tsare tawada in alƙalamin zai kwana biyu a ajiye, sai dai in aikinka na buɗe-rufe ne, sa hannu nan rubuta lamba can, murɗe-murɗen zai ishe ka.

Wanda ya zauna a aljihuna kam Wing Sung 601 ne. Ana kwance ɗan murfin gindinsa sai ka ga maɓalli, ka tsoma bakin ka danna sau da yawa a hankali kana jin ƙarar kumfa a kwalbar, tawadar tana shiga cikin gangar jikin kai tsaye, shi ya sa yake ɗaukar da yawa fiye da masu famfo, ga 'yar taga a jikinsa ka ɗaga wa haske ka ga saura nawa. Wahalarsa ranar canza kala ce. Za ka yi ta dannawa da ruwa har babban yatsanka ya gaji ruwan bai daina fitowa da launi ba. Ni na huta, kala ɗaya na zaɓar masa na bar shi a kai. Akwai kuma Wing Sung 618 mai jan tawada da fistan na murɗawa, ga wanda bai son danne-danne.

Abu biyu da masu talla ba sa faɗa. Na farko, tunda bakin a ɓoye yake ba ka ganin ko ya juya a hannunka, sai ka ji yana karce ka ɗauka lalacewa ya yi alhali juyawa ce kawai, ni kilif ɗin murfin, wato maƙalin aljihu, nake saitawa daidai da tsinin in na kafa shi a baya, ya zama min alama. Kuma yawancinsu siririn rubutu suke yi, mai son layi mai kauri ba nan zai samu ba. Na biyu tawada. Na taɓa ɗura wa wani alƙalamina tawadar zane don na ga baƙinta ya yi kyau, kwana uku ta daskare a cikin ƙananan ramukan da ke ƙarƙashin lulluɓin, na jiƙa shi sati guda a kofi bai dawo daidai ba, laifina ne ba na kowa ba. Mai ƙyalƙyali ma a bar ta. Tawadar alƙalami zalla irin su Quink ko Pelikan 4001 ta wadatar.

Lamy 2000 na Jamus, wanda ake yi tun 1966, da sabon Parker 51 da aka dawo da shi a 2021, su wani aji ne daban a kuɗi, ba su ne maganar yau ba. In kana yawan rubutu shafi-shafi ɗauki 601, in gwadawa kake so ka yi ka gani ɗauki 51A, kuma duk wanda ya zo hannunka ka fara wanke shi da ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke kafin ka sa tawada, don maiƙon masana'anta kan hana ta gudu.