Setin kanti ko aikin kafinta: wanne ya dace da ƙaramin ɗakin amarya a fulat?

Hajiya, Allah Ya sanya alheri, Ya nuna mana lokacin lafiya. Kin ce 'yarki za ta tare a wani fulat a Abuja, hawa na biyu, uwar ɗakin ƙafa 10 ce a faɗi, 12 a tsawo, kuma babu sif a jikin bango. Kina son sanin ko ki sayi cikakken seti a kanti, gado 6x6 da sif mai ƙofa huɗu da madubi da durowa biyu, ko ki sa kafinta ya yi kayan daidai awon ɗakin. Ni dai kafinta zan zaɓa, amma bari in jera miki su ki gani da kanki.

Mu fara da fili, domin nan maganar take. Katifar da ake kira 6x6 faɗinta inci 72 ne, tsawonta inci 75. Idan aka haɗa da katakon gefe da fuskar gado, setin kanti yakan ci wajen ƙafa 6 da rabi a faɗi, 7 a tsawo, masu ado irin na Turkiyya ma sun fi haka. Aka jingina kansa da bango mai ƙafa 10, abin da ya rage ƙafa 3 da rabi ne, a raba gefe biyu, kowanne bai kai ƙafa 2 ba, kuma nan durowoyin za su zauna. Ta wajen ƙafar gado saura ƙafa 5. Sif zai ɗauke 2, ƙofarsa in an buɗe ta ɗauke ɗaya da rabi. Ki duba abin da ya rage wa mai tsayuwa ta zaɓi kaya. Madubi da kujerarsa ba mu ma zo kansu ba, ga ƙofar ɗaki, ga ta banɗaki, ga taga, kowacce da bangon da ta cinye.

Kafinta kuwa zai iya yin gado 5x6, katifa mai faɗin inci 60, ba tare da katako mai kauri a gefe ba. Sai a samu kusan ƙafa 5 a rarar faɗin ɗakin. Kada a sa gadon a tsakiya: a bar ƙafa 3 a gefe ɗaya, ragowar a ɗayan. Ƙafa 3 ɗin nan ta isa shimfiɗa darduma, kuma wannan ne ya fi damuna a duk lissafin. Mace a ɗakinta take yawancin sallolinta, da ta dare, da karatunta. Bai kamata ta riƙa fitowa falo da asuba, ko a gaban baƙi, don gado ya cinye mata wurin sujada ba. A fara gano alƙibla tukuna, sannan a san gefen da za a bari.

Sif ɗin kanti yana tsayawa ne ƙasa da silin, samansa ya zama matattarar ƙura da akwatunan lefe a jibge. Na kafinta sai a kai shi har sama, akwatuna da barguna su shige ciki, a yi masa ƙofa mai zamewa gefe, a manna dogon madubi a jikinta, an huta da teburin madubi ke nan. Sai dai mai zamewar tana da nata aibin. Rabin sif kawai ake gani a lokaci guda, kuma ƙurar hunturu tana taruwa a layin da take gudu a kai. In ƙarfen mai araha ne, ba ta daɗewa take fara cijewa. A ƙarfen nan ba a yin tsimi.

Akwai inda seti ya yi wa kafinta fintinkau. Abin da idonki ya gani shi za ki biya, fenti sumul, ranar jere kuma kayanki na hannu. Kafinta sai kin dace da mai cika alƙawari, kuma abin da ya nuna miki a waya ba lallai shi zai fito ba. Ki je ki ga aikinsa a gidan da ya yi shekara ana amfani da shi, ki ba shi aikin tun da sauran watanni, kada kuma ki cika masa kuɗi sai ya kafa kayan a ɗakin.

Sai batun tashi. Gidan haya ne, zaman Abuja kuma canjin wurin aiki ko ƙarin kuɗin haya na iya tayar da mutum. Seti ana kwance shi a ɗaura a ko'ina, har a sayar. Sif ɗin da aka yi daidai silin wani gida yana iya ƙin shiga wani. Maganinsa a yi shi gida biyu, sama daban ƙasa daban, a haɗa da sukuru maimakon ƙusa da gam. Hawa da shi bene ma zai fi sauƙi. A nemi izinin mai gidan a ɗaure samansa da bango, saboda yara masu zuwa.

Ta fuskar katako, sau da yawa duk MDF ne, wato allon garin katako da aka matse da gam, na kantin da na kafintan, shi kuwa ya sha ruwa kumbura yake, ba ya komawa. Daminar Abuja ta fi ta Kano tsawo da danshi, ga goge tayil kullum. Wurin kafinta kina da bakin cewa a sa HDF, wato irin MDF ɗin da aka fi matsewa, ko filawud mai kyau, a ɗaga ƙasan da gajerun ƙafafu, a bar 'yar tazara tsakanin sif da bangon da ruwan sama ke duka.

Ado ba ya son yawa a nan: fenti mai haske, labule launi ɗaya da aka rataye daga kusa da silin, fitilar bango maimakon ta kan durowa.

Na san abin da ke ranki, 'yan ganin ɗaki da dangin miji, kada a ce an yi wa yarinya ƙaramin gado. Maganarsu ta mako ɗaya ce, ita kuwa nan za ta kwana ta tashi. Kuɗin da ya ragu ki zuba shi a katifa mai kauri ta kirki da kujerun falo, inda baƙin za su zauna. Kafin ki biya kowa, ki tura wani da tef da alli ya zana gadon 6x6 da sif ɗin a ƙasan ɗakin, ya auna faɗin matakalar benen da ƙofar, ya ɗauko miki hoto.