Malamar magana mai zuwa gida ko a bi ta asibiti?

'Yar uwa mai yaro ɗan shekara 3 da bai fara haɗa kalmomi ba, ni duk biyun na taɓa, ki bi ta asibiti kawai.

Autana yana shekara 2 da rabi daga "mama" sai "ta", in ruwa yake so sai dai ya ja zanina har bakin randa, kowa na cewa ai babansa ma bai yi baki da wuri ba ki ƙyale shi, ni ma na biye musu. Ranar da na kai shi JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, can Lamingo da sanyin safiyar Jos ɗin nan, likitan kunne da hanci bai ma taɓo zancen magana ba, cewa ya yi a auna jinsa tukuna. Ashe ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnensa, ba ciwo ba zazzaɓi, yaro yana jin mu kamar an cusa masa auduga. Wallahi sai da na yi hawaye, don ni taurin kai nake ɗauka, har faɗa nake masa in na kira bai waiwayo ba. Bayan an magance kunnen ne muka samu wata malama da ta yi karatu a sashen ilimin masu buƙata ta musamman na Jami'ar Jos, kuma ni ta fi koya wa ma ba shi ba. In ya nuna kofi kar na miƙa da sauri, na ɗan dakata na ce "ruwa", in ya faɗa na ƙara masa "ruwan sanyi", a rage talabijin da waya, a yi ta masa hira ko ina wanke-wanke ne. Yanzu surutunsa har kai yake sara min, Alhamdulillah.

Malamar mai zuwa gida da na samo a Instagram kafin nan kuwa, to ba laifi tana zuwa a kan lokaci, wata 3 tana ɗaga masa katuna da Turanci alhali Hausa yake ji a gida, ko sau ɗaya ba ta tambayi kunnensa ba.

Ba ki tambaya ba amma ki kiyayi masu tallan "maganin buɗe baki" a WhatsApp, kuɗinki kawai za su ci. Kar kuma ki bari a kai shi wurin wanzami wai a cire belu ko a yanke linzami, likita ya duba bakin tukuna. Duk wadda ta ce ita ƙwararriyar magana ce ki nemi ganin lasisinta na hukumar MRTB, ita ke yi musu rajista a Najeriya, mai gaskiya ba za ta ji haushi ba.

Ki yi sammako saboda layi, kuma ki ɗauki bidiyonsa a waya yana wasa a gida, don a gaban likita gum suke yi.