Tarin 'ya'yan alade: rigakafi sau ɗaya ko sau biyu?

Mama, sannu da ƙoƙari. Kin ce aladunki na fama da busasshen tari, suna cin abinci amma ba sa auki, likitan dabbobi ya ce mikofilasma ce, wata cutar huhun aladu, kuma an nuna miki rigakafi iri biyu, na allura ɗaya da na allura biyu. Kina tambayar wanne ya fi.

Dukansu matacciyar ƙwayar cutar ce a cikin kwalba, kuma dukansu suna aiki. Sai dai ki san iyakar aikinsu tun kafin ki fitar da kuɗi. Babu ɗaya daga cikinsu da zai hana ƙwayar shiga jikin alade. Abin da suke yi shi ne rage ɓarnar da take yi wa huhu, tari ya ragu, alade ya riƙa girma daidai da abincin da yake ci. Ita wannan ƙwaya, Mycoplasma hyopneumoniae, wadda aka gano a 1965 a Amurka da Ingila, tana manne wa 'yan siraran gashin da ke share ƙura daga hanyar numfashi ne ta lalata su, sai sauran cututtuka su sami ƙofa a buɗe. In an yanka alade ki roƙi mahauci ya nuna miki huhun. Gefen gaba ta ƙasa za ki gani ya yi duhu ya daskare kamar hanta, alhali sauran yana nan ja-ja da laushinsa.

Na allura biyu shi ne tsohon hannu. Ana yin ta farko ɗan alade yana da kamar mako 1, ta biyu yana da mako 3. Amfaninsa jiki yana soma shiri da wuri, kuma in mai allura ya tsallake wani, ko ruwan ya dawo ta bakin allurar, akwai zagaye na biyu da zai kama shi. Wahalarsa kamu sau biyu ne, da ihun 'ya'ya, da uwa tana neman tsallake katanga ta cije ku. Kuma a nan ake yawan faɗuwa: a yi ta farko, ranar ta biyu a tafi gona ko jana'iza, a manta. Wanda aka yi wa rabi an yi asarar kuɗi kawai.

Na allura ɗaya yawanci a mako 3 ake yinsa, gab da yaye, a naman wuya bayan kunne. Wanda ake kira Ingelvac MycoFLEX mililita 1 ake yi, wasu mililita 2, don haka a karanta takardar kwalbar. Akwai ma waɗanda aka haɗa su da rigakafin sirkobairus, wata cutar aladu daban, allura ɗaya cuta biyu. Sai dai na allura ɗaya ba ya yafe kuskure. Wanda aka tsallake ya tafi haka nan.

Ni dai abin da zan duba shi ne lokacin da tarin ke somawa a gidanki. In sai sun kai wata 3 ko 4 kike jin sa, allura ɗaya ta isa, ita zan zaɓar miki. In tun suna nono ko da an yaye su suke tari, ko kuwa yawancin iyayen aladunki masu haihuwar fari ne, ɗauki na biyu, don sababbin iyaye sun fi tsofaffi zuba wa 'ya'yansu ƙwayar. Rigakafi na buƙatar makonni kafin ya kama jiki, dole ya riga cutar isowa.

Kada a raba na allura ɗaya gida biyu don tattali, sai in takardarsa ta yarda. A ajiye shi a firji tsakanin digiri 2 da 8, kada ya yi ƙanƙara. Kwalbar da aka buɗe a gama da ita a ranar, shi ya sa mai uwa biyu ko uku gara ta haɗa kai da maƙwabta a raba kuɗin.

Waɗanda suke tari yanzu kuwa, magani suke so. Penisilin da amoksisilin ba sa taɓa wannan ƙwaya, domin ba ta da ɓawon da suke fasawa. Likita zai duba irin su tailosin, tiyamulin ko oksitetirasaikilin. Sabon alade daga kasuwa, ko ta Katsit ce a Kafanchan, a ware shi nesa da garke na wasu makonni, don mai ɗauke da ƙwayar yana iya wata 6 ko fiye yana yaɗa ta, ko da tarinsa ya tsaya. A kuma rage cunkoso, a bar iska tana shiga, musamman da ƙurar hunturu.

In kika ga zazzaɓi mai zafi, fata ta yi ja, aladu suna mutuwa cikin 'yan kwanaki, wannan ba mikofilasma ba ce. Yana iya zama zazzaɓin aladu na Afirka, wanda waɗannan allurai ba ruwansu da shi. Ki hana shiga da fita, ki kira likita a ranar, a kai samfuri cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, Jihar Filato.