Shekara guda da ƙaramin jirgin ƙasa a ɗakina na unguwar Mabera, Sakkwato

Jirgin ƙasa bai taɓa shigowa Sakkwato ba. Layin dogon da aka ja daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, nan ya tsaya. Ina yaro, in mahaifina zai kai fatu Kano, sai mu yi doguwar tafiya a mota har Ƙaura kafin mu ga tarago. Usur ɗin nan da warin baƙin mai ba su bar ni ba har na yi furfura. Shi ya sa da ɗan ƙanena zai dawo hutu daga Ingila bara ya ce, "Baba, me zan riƙo maka?" ban yi jinkiri ba na ce ƙaramin jirgin ƙasa mai tafiya da lantarki.

Saitin da ya kawo na ma'aunin OO ne, wato komai an rage shi sau 76, mutum a cikinsa bai fi santimita biyu da 'yan kai ba. A kwalin akwai kan jirgi, tarago uku, guntayen layi da ke haɗuwa su yi zobe kamar ƙwai, da 'yar na'urar da ake murɗawa a ƙara gudu ko a rage. Wuta bolt 12 ke bi ta ƙarafan layin biyu, ƙafafun jirgin su ɗauka su kai wa inji. Filoginsa mai ƙafa uku ne irin namu, ya shiga soket ba wata dabara. Wanda zai yi odar na Amurka ya duba wannan da kyau, don wutarsu bolt 120 ce, tamu kuwa 230.

Kan jirgin ya burge ni ƙwarai. Yana da nauyi a hannu, fentinsa tsaf, har ƙananan ƙusoshin jikinsa an fito da su. Shekara guda ke nan yana aiki bai taɓa ƙin tashi don laifin kansa ba. Na'urar murɗawar ce ban yaba ba. In kana son jirgi ya shigo tasha a hankali, yadda na gaske ke yi, sai ya riƙa fizga, ya tsaya, ya zabura. Tarago uku ma sun yi kaɗan, zoben kuma bayan kwana biyu ka haddace shi. Abin da ke kwali mafari ne kawai, sauran aikin yana hannunka.

Na sa kafinta ya yi mini teburi da allon filawud mai ƙafa takwas da huɗu, na kafa layin da ƙananan ƙusoshi a watan Disamba, na matse kowace mahaɗa gam. A nan na yi kuskure. Da bazara ta kankama a Afirilu, zafi ya haura digiri 40, ɗakin kuma rufin kwano ne, ƙarfe ya miƙe bai sami wurin zuwa ba, sai layin ya karkace a wuri biyu, jirgi na isowa ya sauka. Ranar raina ya ɓaci sosai. Dole na cire ƙusoshin na sake shimfiɗawa, na bar 'yar tazara a mahaɗa wadda kati zai iya shiga, na kuma matsar da teburin daga taga don kada rana ta lanƙwasa robar taragon. Tun daga nan bai sake ba.

Amma babban abokin gaba shi ne ƙurar hunturu. Tunda ta ƙarfen layi jirgin ke shan wuta, ƙura kaɗan ta kwanta sai ya riƙa shaƙewa, ya tsaya cik a tsakiyar hanya. Duk wanda ya san yadda hazo ke shiga ɗaki a Janairu ko an kulle ƙofa da taga ya san abin da nake nufi. Yanzu kafin in kunna sai na goge layin da tsumma mai tsabta da ɗan sifirit na kemis, in bi ƙafafun jirgin da auduga. Kada a kuskura a sa sanfefa, tana karce ƙarfen, datti ya sami maɓoya. Mai kuma ɗigo ɗaya ya isa, in ya yi yawa shi ke kiran ƙura. Maiɗakina ta ɗinka mini murfi da tsohon zanen gado, wannan murfin ya fi duk wata dabara amfani. Wuta ba ya ci sosai, ko an ɗauke 'yar solar gidan na riƙe shi.

Inda na fi samun daɗi shi ne gina tashar Ƙaura yadda take a idona na yaro. Tsakuwar gefen layi yashi ne na ɗebo daga bakin gulbin Rima, na tankaɗe, na wanke, na bi shi da maganaɗisu don cire ɓurɓushin ƙarfe, saboda injin jirgin ma yana da maganaɗisu kuma zai zuƙe su. Na zuba, na ɗiga masa farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa da ɗigon sabulu, ya kwana ya daskare. Ginin tashar kwali ne, rufinsa gwangwanin madara. Bishiyar dogon yaro na yi da waya da soso. Buhunan gyaɗa da na auduga yumɓu ne, na yi sati uku ina murza su ɗaya-ɗaya bayan sallar isha'i, ban taɓa jin gajiyarsu ba.

Akwai abin da ido mai sani zai gane. Tsohon layinmu faɗinsa milimita 1,067 ne, ya fi na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ƙunci, shi 1,435 ne. In an rage namu sau 76 zai zo milimita 14, layin saitin kuwa 16.5 ne. Kan jirgin ma siffar na Ingila gare shi. Wannan na damu na, don ina son abin ya yi kama da wanda na hau, kuma ina shirin sake wa taragon fenti.

Wanda ke da haƙuri da ɗan ɗakin da zai keɓe, ina ba shi shawara ya saya, ya haɗa da ƙarin layi tun a odar farko, don ban samu a kasuwa nan ba, na tambaya har na gaji. Wanda kuma yake neman abin da zai miƙa wa ƙaramin yaro ya tafi harkarsa, ya nemi wani abu, wannan yana son babba a kusa.

Ran Juma'ar da ta wuce jikata ta tsaya tana kallo, ta ce, "Kaka, wanga jirgi ba ya zuwa Sakkwato?" Na riga na auna bangon gabas, zai ɗauki allo na biyu. Kafinta ya ce bayan Sallah zai kawo, ɗan ƙanena kuma na tura masa saƙon miƙaƙƙen layi guda goma sha biyu da mararraba biyu.