Sharhina kan jinyar ketamin da aka yi wa mahaifiyarmu saboda ciwon damuwa

Gaskiya da likitan ƙwaƙwalwa ya fara kawo maganar ketamin sai da gabana ya faɗi, don ni dai abin da na sani allurar tiyata ce, tun 1970 ake sa mutane barci da ita a Amurka kafin a yi musu aiki. Amma Mama ta haura 70, ta sha maganin damuwa kala biyu na tsawon watanni ba wani sauyi, ba ci ba hira, asubar fari ido biyu tana zaune bakin gado, sai muka ce to a gwada.

Yadda ake yi, ta ƙarin ruwa ake saka shi a hankali kamar minti 40, kuma ɗan kaɗan ne, bai kai wanda ake bayarwa a ɗakin tiyata ba, ba ta ma yi barci ba. Nas na gefe tana awon jini akai-akai saboda yana ɗaga shi, ita kuma dama tana da hawan jini, wannan kulawar ta kwantar min da hankali sosai. Abin da ban ji daɗi ba shi ne ba su yi mana bayani sosai kan jirin da maganin ke sawa ba. Ta riƙe hannuna gam tana cewa jikinta kamar ba nata ba, wallahi na tsorata, bayan kamar awa ɗaya ya sake ta.

Sauƙin kam ya zo da wuri, cikin kwanaki ta fara tambayar jikokinta da suna. Sai dai ba ya zama, in aka jima sai ya fara ja baya a koma a ƙara, ga tsada. Ko Spravato, nau'in ketamin na fesawa a hanci da Amurka ta amince da shi a 2019, gwajinsa kan 'yan 65 zuwa sama bai yi ƙarfi kamar na masu ƙananan shekaru ba, don haka kar wani ya ce maka shi kenan an warke.

Ni a ganina gyaran barcin ne ya riƙe mana sauƙin. An sa mata lokacin tashi ɗaya kullum, an rage barcin rana, ta riƙa zama a hasken safiya, an kuma janye diazepam, ƙwayar kwantar da hankali da sa barci, sannu a hankali don yana sa tsofaffi faɗuwa da ruɗewa. Barci mai nauyi dama raguwa yake da tsufa, shi ya sa binciken Jami'ar Washington da ke St. Louis ya ja hankalina, suna gwada propofol, wata allurar sa barci ta tiyata, don jawo irin wannan nannauyan barcin a ƙwaƙwalwar tsofaffi masu damuwa, amma gwaji ne ba jinyar da za ka je ka nema ba.

Zan ba da shawarar ketamin ga wanda ƙwayoyi suka gaza masa, amma a asibiti kawai, don Allah kar a saya a yi a gida, kuma a faɗa wa likita in akwai ciwon zuciya kafin a fara.