Jirgin kallon kifin wel a Kwatano: ya ci kuɗinsa, amma da gyara

Duk wanda harkar kaya ke kai shi Kwatano tsakanin watan Agusta da farkon Nuwamba, kuma ya samu ranar da ba shi da aikin yi sai zaman jiran takardu, shawarata ita ce ya shiga jirgin nan da ke fita da mutane cikin teku kallon kifin wel mai doro. Ya ci kuɗinsa. Sai dai akwai abubuwan da ya kamata mutum ya sani kafin ya miƙa sefarsa, don masu shirya tafiyar ba su cika yin bayani ba, kuma wasu daga cikin waɗanda muka fita tare sun dawo suna ƙunƙuni.

Na daɗe ina zuwa garin nan. Daga Zongo zuwa tashar jiragen ruwa, daga tasha zuwa fakin motoci, wani lokaci a leƙa kasuwar Dantokpa don sautun gida. A duk zaman hirar da muke yi da 'yan'uwa 'yan kasuwa, ban taɓa jin wani ya ce akwai irin wannan halitta a bayan jiragen dakon da ke jere suna jiran layi ba. Mu a wurinmu teku hanyar kwantena ce, shi ke nan. Ɗan mai masaukina, wanda ke karatu a jami'ar Abome-Kalabi, shi ya kawo maganar, shi ya rubuta sunayenmu ta waya, shi ne kuma ya zame mini tafinta.

Bari in fara da inda masu shirya tafiyar suka gaza. Ba kullum ake fita ba. Sai an tara mutane, galibi a ƙarshen mako, kuma idan teku ta yi fushi sai a ɗaga. Wannan ba laifin kowa ba ne. Laifin shi ne a ɗaga tafiya a yi shiru, sai kai da kanka ka bugo waya ka ji. Haka aka yi mana. Ranar da aka fita kuwa, an ce mu hallara da sassafe, muka yi sallar asuba muka hau zemijan, wato babur ɗin haya na can, a guje, amma sai da hantsi ya dubi ludayi kafin jirgi ya motsa. Wani ɓangare na jinkirin na duba takardu ne a ƙofa, saboda haka a riƙe fasfo ko katin shaida. Sauran kuma jiran waɗanda suka makara ne, mu da muka yi sammako muna tsaye a rana.

Kuɗin ba kaɗan ba ne, musamman ga wanda zai canza naira zuwa sefa a wannan zamani. An ba kowa rigar ceto, an kuma tsaya sai da kowa ya ɗaure tasa, wanda na yaba. Ruwan sha akwai. Inuwa ce ba ta wadata ba, masu rabo suka rigaya suka cika wurin da ke da rumfa.

Sai maganar igiyar ruwa. Wanda iyakar saninsa da ruwa shi ne kwalekwalen Yawuri ko dam ɗin Tiga, to ya shirya. Da zarar an bar bakin tasha, jirgi zai fara ɗagawa yana faɗawa, kuma ba ya dainawa. Wani bawan Allah mai ƙiba da ya shigo yana ta raha da ɗaukar hoto, ba a yi nisa ba ya yi tsit, ya rungume bokiti, haka ya ƙare tafiyar. Kada a cika ciki da shinkafa da wake kafin a fito. A sayi maganin jiri a kemis a sha kamar awa guda kafin tashi, a riƙe citta a aljihu, a zauna ta tsakiyar jirgi, ido na kallon nesa inda sama ta haɗu da ruwa. Masu shirya tafiyar ya kamata su faɗi wannan tun ranar biyan kuɗi. Ba su faɗa ba.

Abin da ya fanshi tafiyar mutum biyu ne: matuƙin jirgin, da wata matashiya da ke yin bayani. Ta san aikinta. Da Faransanci take magana, yaron nan yana juya mini a kunne, kuma tun kafin mu ga komai ta riga ta sa mun san abin da muka fito nema. Sunan kifi kawai muke ba shi, amma dabba ce mai shaƙar iska da huhu, mai haihuwa, mai shayarwa. Babba yakan kai mita 12 zuwa 16, nauyinsa tan 30 har zuwa 40. Tirelar siminti mai buhu 600 tan 30 ce, sai mutum ya auna. Hannuwansa na gefe sukan kai mita 5, kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon jikinsa, kuma duk cikin danginsa babu mai irinsu. Ba shi da haƙori ko ɗaya. Wasu faifai ne masu gashi-gashi suke rataye a muƙamuƙinsa na sama, ɗaruruwa a kowane gefe, da su yake tace ƙananan jatan lande da ƙananan kifaye daga ruwan da ya kamfata.

Waɗanda ke zuwa gaɓar Benin daga can ƙarshen kudancin duniya suke tasowa, ruwan Antaktika mai ƙanƙara. A can suke cin abinci. Idan sanyin can ya tsananta sai su kamo hanyar arewa, tafiyar dubban kilomita, su zo ruwan ɗumi na mashigin Gini, daga Angola da Gabon har zuwa Najeriya, Benin, Togo da Gana, su yi barbara su haihu. Ke nan har a bayan Legas da Badagiri suna nan, mu ne dai ba mu sani ba.

Mun yi tafiya mai nisa ba komai sai ruwa, har gine-ginen Kwatano suka dushe. Mutane sun fara hamma. Can sai wani ma'aikacin jirgi da ke tsaye a sama ya ɗaga hannu ya yi ihu da sunan dabbar a Faransanci, "Balen! Balen!" Abin da na fara gani feshi ne, fari, ya tashi sama ya kai tsayin mutum biyu, iska ta kwashe shi. Matuƙi ya rage gudu, ya karkata, bai nufe su kai tsaye ba, ya bi ta gefe a hankali, sannan ya sa injin ya yi ƙasa sosai. Muka zauna jugum. Sai ga baya ya ɓullo, baƙi ƙirin, yana sheƙi, yana ta fitowa ba ya ƙarewa, sannan ɗan tozon nan ya biyo, ya lanƙwashe ya nutse. Ƙarar numfashin ce ta fi ratsa ni. Fuuu mai nauyi, ka ji ta a ƙirji, sannan wani ja na iska ya biyo baya. Kusa da shi kuma sai wani ƙaramin feshi, mai sauri, ba ƙarfi. Uwa ce da ɗanta.

Yaron nan ya damƙe mini hannu. "Kawu, ka ga ɗan? Ka gan shi?" Na gan shi. Launinsa ya fi na uwar haske, yana manne da gefenta, yana fitowa shan iska akai-akai alhali ita tana daɗewa a ƙasa. Wai wannan ne jariri: ana haifarsa da tsawon mita 4 ko fiye, bayan cikin wata 11 zuwa 12. A wani juyi da ya yi ya ɗaga hannunsa ɗaya sama, cikinsa fari fat, gefensa da ƙulle-ƙulle, ya maka shi a ruwa, fas! Bakina ba abin da yake fitarwa sai tasbihi.

A nan ne gardama ta tashi, kuma a kanta nake son tsayawa. Wasu fasinjoji suka fara matsa wa matuƙi ya ƙara kusa, wai sun biya kuɗi, wayoyinsu ba sa ɗauko komai. Mutumin ya ƙi. Bai ɗaga murya ba, bai kuma taɓa sitiyari ba. Ni ina bayansa ɗari bisa ɗari, duk da ni ma hotunan da na ɗauka ba su da wani amfani. Dalilin da matashiyar ta bayar ya gamsar da ni. Uwar nan tun da ta baro kudu kusan ba ta ci komai ba, don ruwanmu ba shi da irin abincinta. Da kitsen jikinta take tafiya, da shi take yin nono mai kauri tana ɗura wa ɗan kullum, kuma da abin da ya rage za ta koma Antaktika tana jansa. Kafin ta isa takan zubar da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta ko fiye. Duk sanda jirgi ya kore ta ta yi gudu, ƙarfin da ta ajiye wa ɗan ne ake cinyewa. Ga kuma ƙarar inji: wani bincike da aka yi a yammacin Ostireliya, aka wallafa a 2017, ya nuna uwa da ɗa da murya ƙasa-ƙasa suke kiran juna, ana jin don kada maharan teku da mazan da ke neman barbara su ji su. Ƙarar inji tana iya danne wannan kira. Shi ya sa a Ostireliya ƙa'ida ta hana jirgi matsawa ƙasa da mita 100, idan da jariri kuma mita 300. Wanda ya ga jirgin da ke bin su a guje don fasinja su yi tafi, kada ya shiga, ko da ya fi araha.

Kuma haƙurin ya biya. Da muka daɗe shiru, su da kansu suka matso, har muna ganin ƙurajen da ke kan uwar da farin ƙwanson da ya manne mata a haɓa. Da za ta yi nutso mai zurfi ta ɗaga wutsiya sama, ruwa na zuba daga gefenta. Zanen baƙi da fari da ke ƙarƙashin wutsiyar kowane ɗaya daban yake da na sauran, da shi masu bincike ke gane su. Akwai shafin intanet mai suna Happywhale inda kowa zai iya tura hoton wutsiya a duba ko an taɓa ganin wannan dabbar a wani wuri. Mai kyamara mai dogon hanci zai iya taimakawa a nan. Waya dai ba za ta yi ba.

Tsallen nan da ake gani a bidiyo, inda dabbar ke fitowa gaba ɗaya ta faɗo da baya, mun gan shi amma daga nesa ƙwarai, farin kumfa kawai da ƙarar da ta iso daga baya. Kada wanda ya biya kuɗi ya ɗauka an yi masa alkawarin tsalle. Ba a ma yi masa alkawarin ganin komai ba, kuma ya kamata ya tambaya tun farko: idan ba a gani ba, za a sake fita da shi ne ko kuɗinsa ya tafi?

Abin da na ji takaicin rashinsa shi ne na'urar sauraren ƙarƙashin ruwa. Mazan wannan dabba suna rera waƙa a lokacin barbara, mai baiti-baiti, takan kai minti 10 zuwa 20, su yi ta maimaitawa na sa'o'i. Roger Payne da Scott McVay ne suka bayyana tsarinta a 1971. Duk mazan yanki guda waƙa ɗaya suke yi, tana sauyawa a hankali, kowa kuma ya bi sabon salo. Muna zaune a saman wurin da ake yin ta, amma sai a waya aka kunna mana, cikin iska da ƙarar ruwa. Na'urar ba wani tsada ne da ita ba idan aka kwatanta da abin da suka karɓa a hannunmu.

A hanyar dawowa wani dattijo ɗan Nijar ya tambaya ko irin wannan ne ya haɗiye Annabi Yunusa, alaihissalam. Matashiyar ta yi murmushi ta ce wannan ba fanninta ba ne. Ni da shi muka ɓige da hirar hadisin rundunar Abu Ubaida, da suka tsinci dabbar teku mai suna Anbar a gaɓa suka yi kwanaki suna ci. Turaren ambar da muka sani kuwa ba daga mai doro yake fitowa ba, daga wani ɗan'uwansa ne mai haƙora.

Ta ɗan taɓo tarihin farautarsu, a gurguje, na so a ce ta ƙara. Turawa sun yi ta kashe su saboda mai, har a nan kusa, a gaɓar Gabon, zuwa ƙarshen shekarun 1950. Hukumar kula da farautar wel ta duniya ta hana kashe mai doro a kudancin duniya a 1963, amma jiragen Tarayyar Sobiyet suka ci gaba a ɓoye: daga 1947 zuwa 1973 sun kashe fiye da 48,000, suka rubuta ƙasa da 3,000 a takarda, sai a shekarun 1990 asiri ya tonu. Dakatar da farautar kasuwanci baki ɗaya ya fara aiki a 1986. Daga nan suka farfaɗo. Na gaɓar Brazil da suka ragu zuwa kusan 450 a shekarun 1950, an ƙiyasta sun kai 25,000 a 2019. Na tekun Larabawa, wajen Oman, su ne har yanzu ke cikin haɗari, ba su kai 100 ba. A nan yankinmu abin da ke damunsu yanzu shi ne ragar masunta da ke naɗe su, karo da manyan jirage, da ƙarar masu binciken man fetur a ƙarƙashin teku. Muna shigowa tasha ina kallon jiragen da ke ɗauke da kayanmu, ta tsakiyar inda ake renon jariran nan suke bi.

Ga mai niyya: watan Satumba da Oktoba sun fi tabbas. A zo da hula mai igiya, don iska ta raba mutane da dama da nasu, babbar riga kuma a bar ta a masauki. A yi alwala kafin a shiga, a kuma sa rai azahar za ta iya riskar mutum a kan ruwa. Banɗakin jirgin ƙarami ne, ga tangaɗi, don haka tsofaffi da masu juna biyu da ƙananan yara su yi tunani tukuna. Wanda ba ya jin Faransanci lallai ya tafi da mai juya masa magana, in ba haka ba rabin kuɗinsa ya tafi a banza. Na faɗa wa masu shirya tafiyar cewa mutanen Najeriya da Nijar cike suke da Zongo, da za su sa mai bayani da Hausa ko Turanci ko da sau ɗaya a wata, da sun samu kasuwa. Sun ce za su duba.